Kafin A Sauya Na'urar Kiɗa, A Fara Duba Abin Da Ke Kunne

Duk wanda ya shiga motar haya da sassafe a Kaduna ko Kano ko Sakkwato, ko kuwa ya ratsa ta harabar wata jami'a da la'asar, da wuya ya rasa ganin mutum da siririyar igiya ta sauko daga kunnuwansa ta shige aljihu. Wani labarun duniya yake saurare kafin ya isa ofis, wani karatu ne ko laccar malami da ya ɗauka, wani kuwa waƙa ce kurum take rage masa nisan hanya. Na'urar da ke cikin aljihun takan bambanta. Akwai mai 'yar rediyo, akwai mai ƙaramar na'urar kiɗa wadda ake sa wa memori, mafi yawa kuwa wayar hannu ce take yin aikin duka. Amma abin da ke maƙale a kunnen, watau iyafis kamar yadda 'yan kasuwa ke kiransa, kusan kullum labarinsa ɗaya ne: ko dai wanda ya zo kyauta a cikin kwali, ko kuwa wanda aka karɓa a hannun mai talla a bakin tasha ba tare da an ko gwada ba.

Abin yana da ban mamaki in an lura. Ma'aikaci zai yi wata da watanni yana tari, ko ya jira kwasarsa ta adashi ta zo, sa'an nan ya tafi kanti ya tsare mai kaya da tambayoyi a kan girman memori da ƙarkon batir, amma ba zai ce uffan ba game da abin da zai kai sautin cikin kunnensa. Ran da ya ji kiɗan ya zama kamar ana kaɗa gwangwani, sai ya ɗora wa na'urar laifi, ya shiga lissafin sayen wata. Alhali kuwa na'urorin wannan zamani, har da masu matsakaicin kuɗi, ba su yi wa juna nisa ba wajen tsabtar abin da suke aikowa ta igiya. Inda tazarar take da faɗi shi ne wurin da lantarki ke rikiɗa ya koma sauti, watau cikin iyafis. Saboda haka sau da yawa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in an gwada shi da kuɗin sabuwar na'ura, ya isa ya gyara abin da ake kuka da shi. Maganar kuma ba ta tsaya ga jin daɗin kiɗa ba, domin irin iyafis ɗin da mutum ke sawa yana da hannu a kan yadda zai riƙa ƙara murya, yadda yake ƙara murya kuwa shi zai nuna ko kunnensa zai raka shi har tsufa.

Asalin abin

Sauraro ta kunne ba sabon abu ba ne. Tun a 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera irin manyan nan da ake kifawa a kan kunnuwa, a ɗakin girkin gidansa da ke jihar Utah, rundunar sojan ruwan Amurka kuma ta saya domin masu aikin rediyo. Dattawa za su tuna da ɗan abin kunne guda ɗaya tak da yakan zo tare da rediyo tiransista, wanda ake sawa da dare don kada a tashi masu barci. Amma ranar 1 ga Yuli 1979 ce al'amarin ya sake salo, sa'ad da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da 'yar rikodar kaset mai suna Walkman a kan Yen 33,000. Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin, shi ne ya nemi a yi masa abin da zai riƙa jin kiɗa da shi a doguwar tafiyar jirgin sama. Abin da akan manta shi ne, rikodar ba za ta karɓu ba in ba don abin kunnen da aka haɗa ta da shi ba, wanda nauyinsa bai wuce giram 50 ba, a lokacin da na sauran kamfanoni ke kai giram 300 zuwa 400. Kafin a daina ƙera Walkman mai kaset a Japan a 2010, an sayar da fiye da miliyan 200.

A 1982 kamfanin ya ƙara rage girman abin, ya fito da wani iri mai kama da maɓallin riga, wanda ake ratayawa a bakin kunne. Da kamfanin Apple ya kawo iPod a watan Oktoba na 2001 tare da farin iyafis irin wannan, sai ya zama gama-gari, kuma ko da yake an daina ƙera iPod a 2022, maɓallin nan bai bar tiren masu talla ba.

Iri na biyu, wanda shi ne abin magana a nan, ta wata hanya dabam ya biyo, domin masana ilimin ji ne suka fara shi. A 1983 wani masani mai suna Mead Killion ya kafa kamfanin Etymotic Research a jihar Illinois, yana ƙera kayan auna ji, a 1991 kuma ya fitar da iyafis mai lamba ER-4, mai siririn baki da ke shiga ramin kunne ya toshe shi ruf. A 1995 Jerry Harvey, mai kula da sauti na ƙungiyar makaɗan nan ta Van Halen, ya ƙera wa makaɗin gangarsu, Alex Van Halen, irinsa, saboda rugugin lasifikokin dandali ya hana shi jin abokan kiɗansa. Shekara da shekaru irin wannan kaya na makaɗa ne da masu hannu da shuni, gama kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne.

Masana'antun kudancin ƙasar Sin ne suka karya farashin, musamman na biranen Shenzhen da Dongguan. Sun daɗe suna ƙera wa manyan kamfanoni kaya, daga baya suka shiga sayarwa da sunayen kansu. Wani abin da ya taimake su shi ne binciken da Sean Olive da abokan aikinsa na kamfanin Harman suka yi ta bugawa tun daga wajen 2012, a kan irin daidaiton sautin da mafi yawan masu sauraro suka fi so, wanda ya zama ma'aunin da ƙaramin kamfani ma zai iya bi. A 2022 aka ga Chu na kamfanin Moondrop da Salnotes Zero na kamfanin 7Hz, kowanne a kan kimanin dala 20, masu auna sauti da na'ura kuma suka yaba musu. Ba lalle ne mai saye ya sami waɗannan sunaye a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ba, kuma ba talla ake yi musu ba. A can ya fi sauƙi a ga na Oraimo, wanda ke ƙarƙashin Transsion mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, da na wasu kamfanoni barkatai. Abin lura dai shi ne, iyafis mai shiga kunne ya bar sahun kayan alatu, ko da yake kuɗinsa da Naira yana hawa da sauka tare da canji.

Toshewa ita ce magana

A cikin kowane iyafis akwai 'yar ƙaramar lasifika, wadda a irin mai shiga kunne faɗinta yakan kama daga milimita 6 zuwa 12. Gininta ba shi da wuyar ganewa: ɗan maganaɗisu, da naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, da wata 'yar fata wadda ba ta kai ɓawon albasa kauri ba. In lantarki ya ratsa naɗin sai ya riƙa kai da komo a gaban maganaɗisun, ya girgiza fatar, fatar ta girgiza iska, iskar ta bi ramin kunne, wanda tsawonsa wajen santimita 2.5 ne, ta bugi dodon kunne.

Siririn sauti, irin na ƙuge ko sarewa, girgiza ce mai sauri wadda ba ta bukatar iska mai yawa. Sauti mai kauri kuwa, irin na tambari, wanda samari ke kira bes, girgiza ce mai nawa, sai an tura iska da yawa kafin a ji shi. Abin da ya sa tambari yake da girma ke nan. To, ina fatar da ba ta kai farce faɗi ba za ta yi aikin tambari? Ba ta iyawa sai an rufe ta tare da dodon kunne a wuri ɗaya wanda ba shi da kafa. In ramin ya toshe, iskar da ta rage a ciki ba ta ko cika cokalin shayi ba, don haka ɗan motsi kaɗan yakan isa ga dodon kunne bai zube ba. Da zarar an sami kafa kuwa, sai abin ya zama kamar maƙeri da hujajjen zugazugi: hannu na aiki, wuta ba ta tashi.

Ciwon iyafis mai kama da maɓalli ke nan. Rataye yake a bakin kunne, iska na yoyo ta kowane gefe, kaurin sautin yana tafiya da ita. Mai sauraro sai ya ƙara murya yana neman kaurin, amma abin da ke ƙaruwa shi ne kaifin da ke soke kunne. Kafar nan kuma hanya ce mai shiga da fita. Hayaniyar titi tana shigowa ta nan, waƙar kuma tana fita ta nan, shi ya sa maƙwabcin mutum a mota ko a laburare yake shan ƙirin-ƙirin ɗin da bai roƙa ba.

Wannan ne ya sa 'yar robar da ke bakin iyafis ta fi sunan da ke jikin kwali muhimmanci. Mai tsada da robar da ba ta dace da kunne ba, mai araha da robar da ta dace ya fi shi. Galibi akan haɗo da roba iri uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, kuma da yawa daga masu cewa sun sayi irin wannan iyafis ba su ji wani kauri ba, in an bincika sai a tarar matsakaiciyar da ta zo a jiki suka bari, suka jefar da ledar sauran tare da kwali. Kunnuwan mutum ɗaya ma ba lalle su zama daidai ba, ana samun mai sa babba a dama da matsakaiciya a hagu. Wajen sawa, mutum yakan kai ɗaya hannun ta bayan kai ya ja saman kunnen sama da baya kaɗan don ramin ya miƙe, ya tura a hankali, sa'an nan ya saki. Alamar an dace ita ce hayaniyar waje ta yi ƙasa nan take, mutum kuma ya ji muryarsa kamar a cikin kansa take. Akwai kuma bakin soso, wanda ake murzawa ya tsuke, a sa, a riƙe wajen rabin minti har ya kumbura. Ya fi roba toshewa, sai dai yana shan gumi, kuma ba ya daɗewa kafin ya nemi canji, balle a watannin bazara.

Lissafin ƙara

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Titi mai cunkoson motoci yakan kai 80 zuwa 85, babur da injin niƙa kuwa sukan wuce 90. Na'urar aljihu in an ƙure ta tana iya kai 100 har ta zarce. Ma'aunin yana da yaudara, domin ƙarin desibel 3 kacal ninka ƙarfin sautin ne sau biyu, alhali kunne da ƙyar yake lura an ƙara.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa matasa biliyan 1.1, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro da na'urorin aljihu da kuma wuraren shagali masu ƙara. A 2019 hukumar ta haɗa kai da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: baligi zai iya jure desibel 80 har awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Watau a 83 awa 20 ne, a 86 awa 10, a 90 wajen awa 4, a 100 kuwa minti 20 ne kacal a mako guda. Wasu ƙasashe tun tuni suka sa doka. Faransa ta ƙayyade wa irin waɗannan na'urori desibel 100, har a 2002 sai da aka janye iPod daga kantunanta na ɗan lokaci aka rage masa murya. Daga 2013 kuma na'urorin da ake sayarwa a Tarayyar Turai sukan tsaya a 85, sai mai su ya amsa gargaɗi kafin su wuce. Saƙon nan da kan fito a fuskar waya in an ƙara murya, wanda mutane ke dannawa cikin fushi ba su karanta ba, asalinsa ke nan.

A ɗauki misali da ma'aikacin da ke shafe awa guda a hanya da safe, awa guda da yamma, kwana 5 a mako. Awa 10 ke nan. In hayaniyar motar da titin ta kai desibel 80, kuma iyafis ɗinsa ba ya tare komai, ba zai ji labarun ba sai ya ɗaga su sama da hayaniyar, a ce zuwa 90. A wannan mataki rabonsa na mako awa 4 ne, shi kuwa yana cin 10, ban da abin da zai ji a gida. Da a ce iyafis mai toshewa ne, wanda ya rage masa desibel 20, abin da bakin soso ko roba mai zama da kyau kan iya yi, hayaniyar da ke isa dodon kunnensa ta koma 60, shi kuma zai ji komai tangaran a 70 ko 75, ƙasa da iyaka. An gwada wannan a aikace. A 2006 wani masanin ji na asibitin yara da ke Boston, Brian Fligor, tare da abokiyar aikinsa, suka sa ɗalibai su zaɓi muryar da ta yi musu a cikin shiru da kuma cikin hayaniya. A cikin shiru kaɗan ne suka ƙure, kowane irin iyafis aka ba su. A cikin hayaniya mafi yawan masu iyafis mara toshewa suka haura zuwa matakin haɗari, masu mai toshewa kuwa 'yan tsiraru ne suka haura.

Dalilin da ya sa likitoci ke nanata wannan magana yana can cikin kunne. Bayan dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 16,000, su ne ke mai da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in ta daɗe ta kashe su. Tsuntsu da kifi nasu sukan sake tsirowa, na ɗan Adam kuwa in sun tafi sun tafi. Ɓarnar ba ta zuwa da ciwo, ba ta zuwa da jini. Takan fara ne da siraran sautuka, wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, kusa da inda baƙaƙe irin su "s" da "f" da "sh" suke. Sai mutum ya riƙa jin ana magana sarai amma bai rarrabe fata da sata ba, musamman a cikin taro. Ɗalibin da ke zaune a bayan babban ɗakin lacca, da akawun da aka ɗora wa rubuta bayanin taro, su ne za su fara gane abin da aka yi hasara, kuma sau da yawa sai su ɗauka masu maganar ne ba sa ɗaga murya.

Sai dai fa kada a ɗauka iyafis mai toshewa laya ne. Dama kawai yake bayarwa ta a rage murya. Wanda ya saya ya ci gaba da ƙurewa kamar da, ya ƙara wa kansa haɗari ne, domin irin wannan iyafis ya fi kusa da dodon kunne, kuma da yawansu lantarki kaɗan ke sa su ƙara mai yawa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na muryar na'ura, a kuma riƙa hutar da kunne bayan kowace awa. Kafin a soka sabon iyafis a rage murya zuwa ƙasa tukuna, sa'an nan a riƙa hawa da kaɗan-kaɗan.

A kasuwa

Akan ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani. Rubutun jikin kwali ba abin dogaro ba ne. Kusan kowane kwali, na ƙwarai da na jabu, yana ɗauke da lambar nan ta 20 zuwa 20,000, wadda ba komai ba ce illa iyakar abin da kunnen yaro mai lafiya ke ji. Ba ta faɗi ko sautin daidai yake ba. Haka nan masu alfahari da lasifika huɗu ko biyar a kowane kunne, ɗaya da aka daidaita da kyau ta fi biyar da aka cusa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lamba ɗaya da ta cancanci dubawa ita ce wadda ake rubutawa da om: daga 16 zuwa 32 shi ya dace da na'urar aljihu, masu 250 ko 300 na ɗakin ɗaukar murya ne, ƙaramar na'ura ba ta iya ciyar da su.

Gwaji mafi inganci shi ne mutum ya tafi da tasa na'urar da waƙar da ya sani ciki da waje. Kalangun Mamman Shata ko kotson Musa Ɗanƙwairo za su nuna ko kaurin na gaskiya ne: ya kamata a ji bugun da hawa da saukar muryar gangar, ba wani rugugi da ya danne 'yan amshi ba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa zai nuna ko siririn sautin yana da tsabta ko yana soke kunne. Daga nan a saurari magana zalla, irin ta mai karanta labaru, gama mafi yawan ma'aikata da ɗalibai magana suka fi ji. 'Yan kasuwa sun san samari na son bes, saboda haka akwai iyafis da dama da aka cika wa kauri har murya ta nutse. A minti na farko yana burgewa, bayan awa guda kai ya yi nauyi. A nan ya kamata a yi adalci ga iyafis ɗin kuma. Waƙar da aka kwafa daga kaset zuwa kaset, sa'an nan aka matse ta don memori ya ɗauki ɗaruruwa, ta riga ta yi hasarar abin da ba mai mayar mata. Iyafis mai kyau ba ya rufa mata asiri, tona shi yake yi, har da shuu ɗin da tsohuwar na'ura ke fitarwa wanda a da ba a ji.

A duba kan fulogin. Kaurinsa milimita 3.5 ne, mai zobe biyu na sauraro ne kawai, mai zobe uku yana da makirufo don amsa waya. Wasu tsofaffin na'urori ba sa jituwa da mai zobe uku, sai a ji kiɗa yana tafiya muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga rijiya. Wannan ma dalili ne na gwadawa a gaban mai kaya. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, mai irin wannan waya sai ya haɗa da ɗan mahaɗi.

Igiya ita ce ajalin iyafis, kuma kusan kullum daga gindin fulogi take tsinkewa, inda take lanƙwasa a bakin aljihu. Fulogi mai kusurwa ya fi miƙaƙƙe jure wannan. Mafi kyau kuma shi ne irin wanda ake cire wa igiya, wanda a da sai a masu tsada, yanzu kuwa har a masu araha ana samu. In ta lalace sai a sayi igiya kawai. Naɗe igiya tamau a jikin na'ura, da fizge ta daga tsakiya, su ke gajarta mata kwana. Akwai wani aibi da ya keɓanta ga mai toshewa: gogar igiya a jikin tufa takan hau har cikin kunne kamar ana jan buhu, abin da masu babbar riga da masu mayafi za su fi lura da shi. Maganinsa a zagaya da igiyar ta bayan kunne, ko a maƙale ta a wuyan riga.

Game da jabu kuwa, wanda aka miƙa wa kaya mai sunan shahararren kamfani a kan kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa, ya kuma karɓa, to wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙaramin kamfani mai sayar da kayansa da sunansa ya fi babban suna na aro. In kwalin a liƙe yake ba a yarda a buɗe ba, a yi sharaɗin mayarwa tun kafin a biya, a kuma karɓi rasit.

Wani zai ce me ya sa ba za a tafi ga mara igiya gaba ɗaya ba, tun da shi ake yayi. Yana da daɗin sha'ani, ba shakka. Amma kowane ɗaya yana ɗauke da ɗan batir da ke bukatar caji, a inda wutar lantarki ba ta da alkawari, batirin kuma yakan gaji cikin 'yan shekaru, galibi ba a iya sauya shi. Yawancin ƙananan na'urorin kiɗa na da ma ba su san shi ba. Ga masu jin rediyo akwai ƙarin magana: a mafi yawan wayoyi da na'urorin aljihu, igiyar iyafis ita ce eriyar da ke kamo tashoshin FM, in babu ita babu tasha. A kuɗi ɗaya kuma, mai igiya ya fi sauti, domin duk kuɗin a kan lasifika ya tafi.

Inda toshewa ke zama illa

Abin da ke tare hayaniyar titi shi ne kuma ke tare hon ɗin mota. Mai tafiya a ƙafa a gefen babban titi, da mai keke, da ɗan acaɓa, da direban adaidaita sahu, ba su da hurumin toshe kunnuwa biyu. Faransa ta hana direbobi da masu babur da masu keke sa iyafis tun daga ranar 1 ga Yuli 2015. Wurin mai toshewa shi ne kujerar fasinja, da laburare, da ɗakin kwanan ɗalibai, da daren da janaretan maƙwabci ya hana karatu.

Sai tsabta. Dauɗar kunne takan fito da kanta a hankali, abin da ake turawa ciki kullum kuwa yana iya mai da ita baya ta dunƙule. Ana cire robar a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar, a kuma share 'yar ragar bakin iyafis da busasshen buroshi mai laushi. Sau da yawa in kunne ɗaya ya rage murya, ragar ce ta toshe. Aron iyafis tsakanin abokai, wanda ya zama ruwan dare a makarantun kwana, hanya ce ta yaɗa ciwon kunne. Mai kunne na ruwa ko na ƙaiƙayi ya ajiye shi sai ya warke, kada kuma ya bi bayansa da tsinken ashana ko gashin kaza.

Wanda ya cire iyafis ya ji kunnensa yana kuka, ko ya ji maganar mutane kamar daga bayan bango, ya riga ya wuce iyaka a wannan rana. In kukan ya kwana ya wuni bai tafi ba, ko mutum ya lura yana yawan cewa a maimaita masa magana, sai a nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai shi a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Gwajin ba shi da allura, ba shi da zafi. Akan zaunar da mutum a ɗaki mai shiru, a kifa masa abin sauraro, a riƙa aiko masa da sautuka masu kauri da sirara, kunne ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana danna maɓalli ko ya ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji. Galibi bai kai rabin awa ba ake miƙo masa takarda mai zane biyu, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu.